Allurar mura ta riƙe maka kafaɗa? A Amurka akwai kotun da ke biyan diyya

Idan kana yawan leƙa TikTok ko Facebook, wataƙila ka taɓa cin karo da tallan lauyoyin Amurka masu cewa duk wanda kafaɗarsa ta riƙe bayan allurar rigakafin mura ya zo a nema masa diyya. Wasu har suna turawa guruf-guruf suna cewa, "Kun gani ko? Su kansu Turawan sun yarda allurar nan cuta ce." To, tsaya tukuna malam, ba haka zancen yake ba.

Ciwon da ake magana a kai likitoci na kiransa SIRVA, kuma asalinsa wurin da aka soka allurar ne. Ka'ida ita ce a soka a tsakiyar tsokar damtse, kamar faɗin yatsu biyu zuwa uku ƙasa da ƙashin kafaɗa. Idan mai yin allurar ya hau sama, tsinin kan shiga wata 'yar jakar ruwa da ke taimaka wa gaɓar wajen juyawa, sai wurin ya kumbura. Daga nan ɗaga hannu ya zama aiki, sa riga sai an cije, kwanciya ta gefen nan ta gagara. Wannan daban yake da ɗan tsamin da kowa kan ji na kwana biyu. Wani sai ya yi watanni yana zuwa gashi, wani ma har tiyata.

Yadda ake biyan kuɗin shi ne abin da ya fi burge ni. A 1986 majalisar dokokin Amurka ta yi wata doka, bayan ƙararraki sun sa kamfanoni sun fara guje wa harkar rigakafi. Aka kafa asusu na musamman da ya fara aiki a 1988, ana zuba masa harajin santi 75 kan kowace cuta da allura ke karewa. Wanda ya ji rauni ba sai ya ja da kamfani ko asibiti ba. Zai shigar da ƙara a wata kotun tarayya da ke Washington, kuma ba a buƙatar ya nuna laifin wani. An saka allurar mura cikin tsarin a 2005, sannan aka ƙara SIRVA a jerin raunukan da ake biya a watan Maris na 2017. A Janairun 2021 gwamnatin Trump ta fitar da ƙa'idar cire shi, gwamnatin Biden ta soke ƙa'idar kafin ta fara aiki.

Amma fa ba banza ake rabawa ba. Dole ciwon ya fara cikin awa 48 da yin allurar, ya kasance ba ka da tsohon ciwo a kafaɗar, ya kuma wuce wata shida ko ya kai ga kwanciya asibiti da tiyata. Shekara uku kake da ita ka shigar da ƙara. Kuɗin raɗaɗi ba ya wuce dala 250,000, ban da kuɗin magani da albashin da ka rasa. Lauya kuwa asusun ne ke biyansa, ko da an faɗi shari'ar, muddin ƙarar na da tushe. Ka ga dalilin da ya sa tallan ya yi yawa kenan.

Allurar korona ba ta cikin wannan tsari, nata daban ne. Kuma galibi sai wanda aka yi wa allurar a cikin Amurka zai iya nema. Saboda haka in wani ya same ka ta WhatsApp ya ce turo dubu biyar ya yi maka rajistar "diyyar allura" kana zaune a Kano ko Maraɗi, ɗan damfara ne, ka danna masa bulok.