A Gwada Kafin A Biya: Kayan Ɗaukar Sauti Da Manhajar Linux A Minna

Ran 14 ga watan Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya janye kulawar da ya saba yi wa manhajarsa ta Windows 10. Wannan al'amari ya shafi jama'a da dama a Minna, babban birnin Jihar Neja, domin kuwa kwamfutoci da yawa da ke hannun masu ƙananan ɗakunan ɗaukar sauti kwancen Turai ne, waɗanda ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Da irinsu ne ake ɗaukar tafsirin watan azumi, da waƙoƙin Hausa da Nufanci da Gwaranci, da tallace-tallacen rediyo.

Wata mafita ita ce Linux, watau manhajar nan da wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya ƙirƙiro a 1991. Kyauta ce, kuma kowa na da ikon duba cikinta ya gyara. Nau'inta da ake kira Ubuntu ya fito a 2004, kuma manhajojin tace murya irin su Audacity da Ardour suna aiki a kanta. Ɗaliban Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Bosso da Gidan Kwano, wadda aka kafa a 1983, ba baƙinta ba ne.

To, amma fa akwai inda gizo ke saƙa. Kowane akwatin sauti, watau na'urar da ke haɗa makirufo da kwamfuta, yana bukatar wata 'yar manhaja da za ta yi masa tafinta. Kamfanoni da yawa Windows da Mac kaɗai suke rubuta wa wannan tafinta. Mutum sai ya zuba kuɗinsa, ya kai akwati gida, ya jona, ya ji shiru kamar an shuka dusa.

Saboda haka abu na farko shi ne a nemi akwatin da ke bin ƙa'idar sauti ta USB, wanda akan rubuta "class compliant" a kwalinsa ko a takardarsa. Irin wannan ba ya neman tafinta na musamman, gama sashen sauti na Linux, wanda ake kira ALSA, ya riga ya san harshensa. Jerin Scarlett na Focusrite da UMC na Behringer suna cikin wannan rukuni. Amma Apollo na Universal Audio, duk da kyansa da tsadarsa, ya dogara ne ga manhajar kamfaninsa, wadda ba a yi wa Linux ba. Tsofaffin akwatuna masu bakin FireWire kuwa gara a bar su, tunda kwamfutocin yanzu ba su zuwa da wannan baki.

Na biyu, a zaɓi akwati mai maɓallai na murɗawa a jikinsa. Wanda sai ta cikin manhajar kamfani ake ƙara masa ƙarfi ko a rage, yana iya yin sauti amma ya ƙi saituwa.

Na uku, makirufo mai jin ƙaramin motsi, irin na ɗakin rediyo, yana bukatar wuta mai ƙarfin bolt 48 daga akwatin. A tabbata akwai maɓallinta.

Na huɗu, batun lantarki. Ko da yake madatsun Kainji da Shiroro suna cikin jihar, janareto bai bar bakin aiki a Minna ba. Wutarsa da jabun caja sukan cusa gurnani cikin murya. Maganinsa shi ne a cire caja a ɗauka da batir, a kuma yi amfani da waya mai baki uku ta XLR.

Daga ƙarshe, kada a yi cinikin biri a sama. Mai saye ya ɗora Ubuntu a filashi, ya tafi shago da kwamfutarsa, ya tashe ta daga filashin ba tare da goge komai ba. Sai ya jona akwatin, ya ɗauki muryarsa ta minti ɗaya, ya saurara da kunnensa. In ta fito tangaran, a yi ciniki. In mai shago ya hana gwaji, to, lalle gaba ta fi baya yawa.