Ciwon rosasiya: Yadda ake neman inshorar lafiya ta biya kuɗin magani da hasken leza

Rosasiya ciwon fata ne da ke kama fuska, yana lafawa yana tashi tsawon shekaru, kuma ya fi bayyana bayan mutum ya haura shekara 30. Alamominsa sun haɗa da jan kumatu da hanci da goshi, da fitowar ƙananan jijiyoyin jini a fili, da ƙuraje masu kama da na balaga. Zafin rana da yaji da abin sha mai zafi da barasa da damuwa duk suna tayar da shi.

A baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, don haka sau da yawa akan ɗauke shi a matsayin ƙurajen balaga. Daɗewa ana shafa man bilicin mai sinadarin sitiroyid ma kan haifar da alamu masu kama da nasa.

Likitocin fata kan fara da magungunan shafawa irin su metronidazol, ko na sha irin su doksisaiklin. Waɗannan suna rage ƙuraje, amma ba sa kawar da jijiyoyin da suka riga suka buɗe. A nan ake komawa ga leza, wato haske mai ƙarfi da jinin cikin jijiyar ke zuƙewa, ya ɗumama ta har ta toshe. Akan yi aikin sau da dama, da tazarar makonni, kuma kowane zuwa da kuɗinsa.

Tushen taƙaddama da masu inshora shi ne bambancin da suke yi tsakanin magani da kwalliya. Abin da suka ɗauka larura ce ta lafiya suna biya, abin da suka ɗauka gyaran kamanni ne kuwa mai shi ke biya. Galibinsu suna sanya lezar rage jan fuska a rukuni na biyu. Ko a Ingila, hukumar lafiya ta NHS ba ta cika ɗaukar nauyin wannan aiki ba.

A Najeriya, dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, ta shekarar 2022 ta wajabta inshorar lafiya ga kowa, amma aikin kwalliya yana cikin abubuwan da tsarin ba ya biya. Saboda haka nasarar mai nema ta rataya ne a kan hujjar da likita ya rubuta.

Hujja ta fi ƙarfi idan ciwon ya taɓa aikin wata gaɓa. Misali shi ne kaurin fatar hanci, wanda ya fi kama maza, har yakan kai ga toshe ƙofofin numfashi, kuma ana rage shi da wani nau'in leza ko da tiyata. Haka nan raɗaɗi mai hana aiki, ko yawan zubar jini daga fatar, sun fi jan fuska kaɗai nauyi a gaban masu tantancewa.

Matakin farko shi ne ganin ƙwararren likitan fata, ya tabbatar da ciwon a rubuce tare da lambarsa a kundin cututtuka na duniya na ICD-10, wato L71, ko L71.1 idan kaurin hanci ne. Na biyu shi ne adana takardun magungunan da aka gwada, da tsawon lokacin amfani da su, da hotunan fuska masu kwanan wata. Na uku shi ne wasiƙar likita mai bayyana dalilin da ya sa babu makawa sai an yi lezar.

Mataki mafi muhimmanci shi ne neman amincewa kafin a fara aikin. A tsarin Najeriya, asibitin da mutum ya yi rajista ne ke tura shi wurin ƙwararre, bayan ya karɓi lambar izini daga kamfanin HMO. Wanda ya biya da aljihunsa ba tare da wannan izini ba, da wuya a mayar masa da kuɗinsa, ko da rasit ɗinsa ya cika.

Idan aka ƙi biya, mai inshora ya nemi dalilin a rubuce, sannan ya sake gabatar da buƙata da ƙarin hujja. A Amurka, dokar kiwon lafiya ta 2010 ta ba shi kwana 180 ya ɗaukaka ƙara a cikin kamfanin, da damar kai batun gaban masu bita masu zaman kansu. A Najeriya ana iya kai koke ofishin NHIA na jiha.

Ko wa zai biya, masu baƙar fata na buƙatar taka-tsantsan, domin sinadarin launin fata ma yana zuƙe hasken, abin da kan jawo ƙuna ko tabo. Don haka ya kamata a tambayi likita irin na'urar da zai yi amfani da ita, a kuma nemi ya gwada ta a ƙaramin wuri tukuna. Leza tana rage alamu ne na wani lokaci, ba ta warkar da ciwon baki ɗaya, saboda haka yana da kyau takardar amincewar ta fayyace adadin zuwan da inshora za ta biya.