Makullan Da Ake Miƙa Wa Wakilin Kwamfuta

Kamfanonin da ke haɗa manhaja suna tafiyar da ayyukansu ne a kan allunan bibiyar aiki irin su Jira, Asana da GitHub. A nan ake rubuta wanda aka ɗora wa aiki, da inda aka kwana, da gyaran da ya rage. A nan kuma ake samun sunayen abokan ciniki, da rahoton ɓarakar tsaron da ba a toshe ba tukuna, wani lokaci har kalmar sirrin da wani injiniya ya liƙa cikin gaggawa ya manta. Tun da kamfanin Anthropic ya fitar da tsarin MCP, wanda ke ba manhajojin ƙirƙirarriyar basira damar shiga wasu manhajoji, a watan Nuwamba na 2024, haɗa waɗannan alluna da wakilan ƙirƙirarriyar basira, wato manhajojin da ke karanta aiki su kuma aiwatar da shi da kansu, ya zama abu mai sauƙi. Mutane sun fi tambayar ko wakilin yana da wayo. Tambayar da ta fi dacewa ita ce, ƙofa nawa makullin da aka ba shi yake buɗewa?

A watan Mayu na 2025 masu bincike na Invariant Labs sun nuna dalili. Sun rubuta ƙorafi a wata ma'ajiyar GitHub da kowa ke iya rubutu a cikinta, suka cusa umarni a tsakiyarsa. Mai ma'ajiyar ya ce wa wakilinsa ya duba ƙorafe-ƙorafen da suka shigo, abin da ake yi kullum. Wakilin ya karanta, ya ɗauki maganar baƙo a matsayin umarnin ubangidansa, ya shiga ma'ajiyoyin sirri na mutumin, ya kwaso bayanai har da na albashi, ya baje su inda kowa zai gani. Ba a fasa komai ba, ba a saci kalmar sirri ba. Makulli ɗaya ne mai buɗe ko'ina aka ba shi, shi ya yi amfani da shi. Wata guda bayan haka kamfanin Cato Networks ya gwada irin wannan da tikitin neman taimako a Jira Service Management, inda mai kutse ke aiko da tikiti daga waje, ma'aikacin ciki ya sa wakili ya taƙaita masa, umarnin ɓoye ya gudana da izinin ma'aikacin.

Tushen matsalar shi ne, a wurin waɗannan manhajoji umarni da bayani duk rubutu ne, ta hanya ɗaya suke shiga. Kamar ɗan aike ne da ya tsinci takarda a hanya ya yi aiki da abin da ke cikinta don kawai an rubuta ta da kakkausan harshe. Masanin manhaja Simon Willison ya bayyana cewa haɗarin na cika ne idan abu uku suka haɗu a hannun wakili guda, wato damar ganin bayanan sirri, da karanta rubutun da bare ya aiko, da hanyar fitar da saƙo waje. Allon bibiyar aiki kuwa, bisa yadda aka gina shi, ya tara ukun nan tun kafin wakili ya zo.

Wasu za su ce ai manhajojin suna ƙara gogewa wajen gane yaudara, kuma ana sa musu matata. Haka ne, kuma yana rage ɓarna. Sai dai mai kutse yana da damar gwadawa sau ba adadi, nasara ɗaya kawai yake nema. Ja wa wakili kunne ma bai wadatar ba. A watan Yuli na 2025 wakilin kamfanin Replit ya goge rumbun bayanan da Jason Lemkin na kamfanin SaaStr ke aiki da shi, alhali an gaya masa ƙarara kada ya taɓa komai. Gyaran da Replit ya sanar shi ne raba rumbun gwaji da na ainihi, wato ya cire damar gaba ɗaya.

Wannan ba sabon tunani ba ne. Tun 1975 Jerome Saltzer da Michael Schroeder suka rubuta cewa kowace manhaja ta yi aiki da mafi ƙarancin izinin da aikinta ke buƙata. A aikace, wakili ya sami asusunsa na kansa maimakon aron na manaja, a tsare shi a aiki guda, makullinsa ya daina aiki bayan ɗan lokaci, kuma wanda ke karanta tikitin bare kada ya iya aika komai waje. Masu ƙorafin cewa hakan na rage amfanin wakili suna da gaskiya, domin jin daɗinsa yana cikin zirga-zirgar da yake yi tsakanin ayyuka. Amma yawancin abin da ake sa shi, kamar taƙaita tikiti da tsara jerin aiki, karatu kawai yake buƙata. Neman amincewar mutum kuwa a keɓe shi ga gogewa da fitar da bayani, don wanda ake tambaya a kowane mataki yakan koma danna "na yarda" ido rufe.

Ko an yi duk wannan, akwai ɓangaren da ba ya hannun mai amfani. A watan Yuni na 2025 Asana ta dakatar da nata tsarin MCP na kusan makonni biyu, bayan gano kuskuren da ke iya nuna wa wani kamfani bayanan wani, kuma rahotanni sun ce abin ya iya shafar abokan ciniki kusan 1,000. Babu mai kutse a wannan karon, katangar da ke tsakanin kamfanoni ce ta tsage daga ciki. Kamfanonin da ke ajiye tarihin duk abin da wakilansu suka buɗe ne kaɗai ke da hanyar bincika abin da ya shigo musu, su kuma goge bayanan da ba nasu ba.