Zirga-zirgar Ɗalibai Daga Kakau Zuwa Jami'a

Ɗalibin da ke zaune a Kakau, bisa hanyar Abuja a kudancin kogin Kaduna, yana kuma karatu a Jami'ar Jihar Kaduna wadda aka kafa a 2004, tilas ne kullum ya ratsa Gonin Gora, ya ƙetare kogi, kafin ya isa harabarta da ke kan titin Tafawa Balewa. Haka ma'aikacin da ke koyarwa ko aikin ofis a can. Gadojin kogin kaɗan ne, saboda haka da safe motoci kan taru su yi cunkoso a bakinsu, injuna na cin mai a tsaye, hayaƙi na tashi, lacca kuwa ba ta jiran kowa.

Abin ya tsananta tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, kuɗin lita ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki. Ɗalibin da ke hawa mota biyu ko uku kafin ya isa aji sai ya koma ƙidaya ranakun da zai iya zuwa. Wato kuɗin mota ya shiga cikin abubuwan da ke yanke wa yaro rabonsa na ilmi.

Masu ba da shawara sukan ce a koma wa keke, su kawo misalin ƙasar Holan. Lalle keke ba ya shan mai, amma Holan ta keɓe masa hanyarsa daban. Mai cewa yaro ya tuƙa keke daga Kakau a tsakanin tireloli, bai san hanyar ba. Keke na da amfani ga mazauna Unguwar Rimi da makamantansu, in jami'a ta tanadi rumfar ajiya da mai gadi.

Na nesa kuwa, babbar bas ce maganinsa, domin bas guda takan ɗauke mutanen da ƙananan motoci goma za su ɗauka. A 2025 gwamnatin jihar ta fito da bas-bas 100 masu aiki da iskar gas. Sai dai bas ba ta amfanar ɗalibi sai in ta tashi a kan lokaci sananne, wanda ya dace da jadawalin darussa. Wannan daidaitawa aikin hukumar jami'a ne, tunda ita ke riƙe da adireshin ɗalibanta, ita kuma ke tsara sa'ar fara lacca.