Gargaɗi: A Ajiye Gatari, Itatuwan Ƙasar Haɗeja Suna Da Doka

Jama'ar Baturiya da Kirikasamma da Guri da Auyo, da duk ƙauyukan da ke bakin kogin Haɗeja, a saurara da kyau. Duk wanda 'yan gawayi suka zo wa da kuɗi suna taya bishiyar gonarsa, kada ya sallama. Tun shekarar 2024 hukumar kare muhalli ta Jihar Jigawa ta sanar da hana sare itatuwa don gawayi ko itacen girki ba tare da izini ba. Cewa "ai a gonata take" ba ya zama takardar izini. Mai motar gawayi zai yi lodi da dare ya nufi birni, kai da kututture ya rage a gonarka kai za a zo a tambaya.

Dajin Baturiya kuwa, maganarsa ta wuce nan. A 2008 aka sa shi cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, fili mai faɗin sama da hekta 100,000, inda tsuntsaye daga Turai ke sauka lokacin hunturu. A 2020 gwamnatin tarayya ta amince a mayar da shi gandun daji na ƙasa. A irin wannan wuri sara laifi ne, farauta laifi ce, cinna wuta ma haka.

Ko da babu doka, wallahi mu ne ya kamata mu tsare itatuwan nan. Bagaruwar da ke bakin ruwa saiwarta ce ke riƙe gaɓa. A cire ta, ruwa ya ci ƙasar ya shigo gari. Wanda ya ga ambaliyar 2022 ba sai an ba shi labari ba, gidajen laka sun rushe, shinkafa ta nutse tana gab da nuna. Gawo yakan zubar da ganye da damina, ya ba gero taki kuma bai yi masa inuwa ba, da rani 'ya'yansa su ciyar da tumaki. Goruba fa? Da kabarta iyayenmu mata ke saƙa tabarma da faifai su sayi gishiri da sabulu. Gawon da ya yi shekara hamsin yana tsaye, injin yanka zai kayar da shi kafin a idar da sallar la'asar.

Na san iskar gas ta yi tsada, kuma dole a ɗora tukunya. A tsinci busasshe, a rage reshe, a bar uwar da rai.

Ranku ya daɗe hakimai da dagatai da bulamai, a sa sankira ya yi shela a kasuwa, limamai su faɗa ranar Juma'a. Wanda ya ji ƙarar inji a daji, ko ya hangi hayaƙin ramin gawayi, kada ya tunkari 'yan gawayin shi kaɗai. Ya gaya wa bulama nan take, a kai magana ga malaman daji a sakatariyar ƙaramar hukuma tun kafin motar ta tashi.