Abin Da Ya Rage Wa Furotin ɗin Masara

Fiye da rabin furotin ɗin da ke cikin garin ƙwayar masara, zein ne. Masara tana tara shi don ciyar da tsironta, kuma kusan babu laisin a cikinsa, sinadarin da yaro ke buƙata don ya girma.

Ƙwayar gado mai suna Opaque-2 ce ke ba da umarnin tara zein. A 1964 masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka gano cewa idan ta samu tawaya, zein na raguwa, laisin ya ƙaru. Sai dai ƙwayar masarar takan yi laushi kamar alli, ƙwari su cinye ta a rumbu. Masu bincike na cibiyar CIMMYT a Meziko sun sha fama kafin su dawo mata da tauri, kuma daga aikinsu aka fitar da irin masara mai suna Obatanpa a Ghana a 1992.