Hazon da Ido Ba Ya Gani a Garejin Fenti

Mai fentin mota ya gama feshi, ya ajiye bindigar feshin, ya ɗage murfin fuskarsa don ya ga ko fentin ya kwanta. A ganinsa iska ta washe. Alhali hazon fentin yana nan yana shawagi, ido ba ya ganinsa, kuma a wannan 'yar leƙawa yake zuƙar sa har cikin huhu.

Fentin da ake haɗa ruwa biyu kafin a fesa shi yana ɗauke da sinadarin aisosayanet, wanda ke sa shi ƙarfi da sheƙi. Da danginsa ake yin soson katifa da na kujera, tun bayan da Otto Bayer ya gano haɗin a Jamus a 1937. Illar sinadarin ita ce, idan jiki ya ƙi jininsa, shi ke nan: ko ɗan ƙanƙani mutum ya shaƙa daga baya, sai ƙirji ya toshe. Ciwon asma ke nan na wurin aiki. Alamarsa tari da dare da numfashi mai fito, a samu sauƙi ranar hutu, a koma aiki ya dawo.

A Birtaniya, hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta kayyade kada sinadarin ya wuce miligiram 0.02 a kowace kubik mita ta iska cikin awa 8 na aiki. Sai dai auna iska ba ya nuna abin da ya shiga jiki. Shi ya sa ake karɓar fitsarin ma'aikaci bayan tashi daga aiki, a nemi ragowar sinadarin. In an gani, to akwai inda kariya ta yoye. Ana kuma cika ɗakin feshi da hayaƙi, a ƙirga mintunan da yake ɗauka kafin ya washe, a rubuta a ƙofa, don mai feshi ya san tsawon lokacin da hazon fenti ke ɗauka kafin ya fita. Tarayyar Turai kuwa ta wajabta horo ga masu aiki da sinadarin daga 24 ga Agusta, 2023.

A garejojinmu na Kano da Kaduna, sau da yawa ƙyalle ne kawai a hanci, wanda ba ya tare komai. Abin da ke kare mai feshi shi ne takunkumin da ake turo masa tsabtatacciyar iska ta tiyo. Wanda tarinsa ke bin ranakun aiki ya gaya wa likita sana'arsa da wuri, domin mai barin sinadarin da wuri shi ya fi samun sauƙi.